Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Malamin da Ya Ɗinka wa Labaran Duniya Rigar Hausa

 A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in ɗan tsakuro mana tarihin wani bawan Allah wanda kusan dukkanmu mun zauna a ajinsa, ko da yake ba mu taɓa ganinsa riƙe da alli ba. Wannan kuwa shi ne marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda aka haifa a 1911, ya kuma riga mu gidan gaskiya a 1981.

Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne wasu maganganu biyu da na daɗe ina ji a bakin masu ilmi. Wasu na ganin cewa bai kamata malami kamarsa, ɗan gidan malamai, ya ɓata lokacinsa wajen rubuta labaran aljannu da tsuntsu mai magana ba. Wasu kuma cewa suke yi ai ba wani abin kirki ya yi ba, labaran Larabawa da na Turawa kawai ya kwaso ya juye su cikin Hausa. Ni kuwa a ganina duk wanda ya bi rayuwar mutumin nan a tsanake, ya kuma san yadda ake ɗinka babbar riga a ƙasar Hausa, zai sami amsar maganganun nan biyu ba tare da an yi dogon musu ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda a wancan zamani yake cikin lardin Kwantagora, yanzu kuwa yana cikin Jihar Neja. Mu mutanen ƙasar Gwandu wannan yanki ba baƙonmu ba ne, domin duk wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya bi ta Jega da Yawuri, to Kwantagora zai faɗa. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne sananne, kuma a gabansa yaron ya fara karatun allo kamar yadda kowane ɗan malam yake farawa. Yayansa kuma, Malam Bello Kagara, shi ne ya ɗauke shi ya kai shi Katsina, inda ya shiga makarantar boko.

A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ya kuma fita a 1932. Ya yi zamani a makarantar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Minista. Makaranta ce da ake matsa wa ɗalibi lamba a kan Turanci har sai lafazinsa ya fita tsaf, amma kuma ba a raba shi da rigarsa ta gida ba. Cikin riga da hula irin ta iyayensu suke shiga aji. Wannan tarbiyya ta bi Imam har ƙarshen rayuwarsa. Ya iya Larabci gwargwado, ya ƙware a Turanci, amma idan ka dubi hotunansa da muka saba gani a littattafai da jaridu, dattijon Arewa za ka gani cikin shigarsa ta malamai.

Da ya gama kwaleji sai aka tura shi Makarantar Midil ta Katsina ya zama malamin Turanci. Ina so malamanmu su lura da wannan wuri. Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan rubutun zube na Hausa, malamin Turanci ne, wanda kullum yake fama da yara a kan nahawu da rubutun insha'i. A cikin aji ya gane abin da ke sa yaro ya yi hamma, da abin da ke sa ya miƙe wuya yana jiran a ci gaba.

Gasar 1933

A 1933 Dokta Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, domin makarantu ba su da abin karantawa in ban da littattafan da aka fassara. Aikin bai zo masa da sauƙi ba. A wurin malamai na lokacin, alƙalami kayan aikin addini ne da shari'a da tarihi da waƙar wa'azi. Labarin da mutum ya ƙaga da kansa kuwa ƙarya ce, ko kuma tatsuniya, wadda tsofaffin mata ke yi wa yara da dare. East kansa ya rubuta irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kansu su yarda cewa babba mai mutunci yana iya zama ya rubuta abin da bai faru ba.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri, kuma na tabbata da yawa daga cikinmu za su iya lissafa su ko da an tashe su daga barci, saboda jarrabawa. Akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sannan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Wato gida ɗaya ya ba da littafi biyu, na wa da na ƙane, kuma dukkansu biyun cike suke da aljannu da abubuwan al'ajabi. Imam yana da shekara 22 kacal a lokacin.

Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam, mutumin Kwantagora, wanda ya bar gida don neman wani ruwa mai warkar da cuta, bayan an kunyata Liman a fada saboda ya ambaci wannan ruwa a matsayin maganin ɗan sarki. A hanya ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka yi ta yi wa juna ƙeta daga wannan gari zuwa wancan, har dai a ƙarshe, da taimakon aljannu, ya samo ruwan ya komo gida. Mun yi dariya ƙwarai da muka karanta shi muna yara. Sai da girma ya zo na lura cewa yawancin damfarar da ke cikin littafin a kan shiga take tafiya. Mutum ya shigo garin da ba a san shi ba, ya yi kama da malami ko attajiri, jama'a su ba da gaskiya da shi tun bai buɗe baki ba. Tun yana saurayi ke nan Imam ya gane cewa Bahaushe da ido yake fara auna mutum.

Wata shida a Zariya

East ya ga alamar baiwa a wurin wannan saurayi, saboda haka a 1936 ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. Imam ya zo Zariya ya zauna wata shida. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta. Cikin wannan ɗan lokaci ya kammala Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da 80, aka fara buga su a 1937. Duk wanda ya taɓa zama ya rubuta ko da rahoton shafi goma ne ya san cewa wannan aiki ba na rago ba ne.

Kun dai tuna yadda aka gina littafin. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi tare da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida, ga kuma mugun Waziri yana ƙulla makirci don ya hallaka yaron ya gaji sarauta. Aku, wanda aka saya da tsada saboda bakinsa, shi ne ya riƙa tsare Musa da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarko. Da sarki ya komo asiri ya tonu, aka naɗa aku Waziri. A littafi na biyu Waziri Aku ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuwa ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana.

A nan ne amsar magana ta farko take, wato ta masu ganin labari bai dace da malami ba. Imam bai tsaya yin gardama da su ba, sai ya gina littafin gaba ɗaya a kan tsuntsun da ba shi da takobi, ba shi da dukiya, ba shi da dangi a fada, amma ya ceci ran ɗan sarki da gadon sarauta da labari kawai. Littafi na uku kuwa aji ne sosai. Uba yana ba ɗa labari, yana sa shi ya maimaita, yana yi masa gyara, yana nuna masa inda ake tsawaitawa da inda ake taƙaitawa, da irin maganar da ta dace da kowane majalisi. Malamin Midil ɗin Katsina ne ya shiga cikin fuka-fukan aku yana ci gaba da darasinsa.

Batun riga

Yanzu sai magana ta biyu, ta masu cewa kwaso labaran ya yi. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu ba a ƙasar Hausa aka haife su ba, kuma masu nazarin adabi sun bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Dabarar aku mai tsare mutum da labari ta fito ne daga wani tsohon littafin Indiya wanda ya bi ta Farisa. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Labarin Sarkin Busa, wanda ya raba gari da ɓeraye aka hana shi ladansa, asalinsa na wani gari ne a Jamus. Sahoro da Sahorama, ragwayen nan biyu, da Kalala da Kalalatu, duk suna da 'yan'uwa a cikin tatsuniyoyin da wasu Jamusawa biyu wa da ƙane, masu suna Grimm, suka tattara. Wasu labaran kuma na gida ne, wasu shi ya ƙaga. Babu abin ɓoyewa a nan.

To amma ina roƙon mai wannan magana ya ɗauko babbar rigarsa ta Salla ya shimfiɗa ta a kan tabarma, mu dube ta tare. Shaddar da aka yi ta da ita, in mai tsada ce irin Getzner, daga ƙasar Ostiriya aka kawo ta. Zaren aikin wataƙila daga Sin. Keken da ya haɗa ta ba a Kano aka ƙera shi ba. Duk da haka babu mai hankalin da zai ce wannan riga ta Bature ce. Haka abin yake tun zamanin kakanninmu. Alharinin da ake sakawa cikin barage, raƙuma ne ke ratso Sahara da shi daga Tarabulus. Masaƙi ya saƙa shi ƙwarya-ƙwarya tare da audugar gida, maɗinki ya haɗa, mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas, mai allura ya yi wata da watanni yana cikewa, sannan a kai wa mabuga su buge ta har ta yi ƙyalli. Abin da ya mai da ita rigar Hausa shi ne yanka da ɗinki da aiki. Kuma kada mu manta, a garuruwa irin su Zariya da Kano da Bida, malamai da almajirai su ne suka fi shahara da zanen riga da aikin allura. Hannun da ke rubuta allo da safe shi ne ke cike aska da hantsi. Saboda haka da Imam ya zauna a Zariya yana yanka labaran baƙi yana ɗinka su daidai jikin Bahaushe, sana'ar malamai ta gado ya yi, sai dai shi da alƙalami ya yi tasa.

Ga misali ɗaya don a ga irin yankan. A tatsuniyar Jamus, wata kuku ce take yi wa maigidanta aiki, ya ce ta gasa kaji biyu domin zai yi baƙo, ta cinye su, sannan ta tsorata baƙon ya gudu, ta ce wa maigida baƙon ne ya sace kajin. Bahaushen 1937 da ke zaune a Cheberu ko Kalgo bai san wani tuzuru mai ajiye kuku mace a gida ba, kuma da an kawo masa labarin haka, da sai ya tsaya tambayar ina matar gidan take. Sai Imam ya mai da su miji da mata, Kalala da Kalalatu, ya ɗora labarin a kan abin da kowane gida ya sani, wato maigida mai son a yabe shi da karɓar baƙi, da uwargida wadda wahalar tukunya ke kanta. Daga nan labari ya zama namu, har mutum ya rantse ya san gidan da aka yi haka a unguwarsu.

Haka ya yi wa sauran. Ya ba mutanen sunayen da muke kiran 'ya'yanmu da su. Ya zaunar da sarki a zaure tsakanin fadawa da dogarai, ya kawo alƙali da muhuti, da sarkin fawa da sarkin noma, da 'yan kama da maroƙa. Ya ɗaure labarai da yawa da karin magana tun daga sunansu. Sannan ya kula da abin da kowa ya sa a jikinsa, domin a wurinmu tufa magana ce. Rawani mai kunne biyu yana faɗin gidan da mutum ya fito. Alkyabba tana faɗin muƙami. Kore da rawani ɗan Kura mai zubar da shuni suna faɗin arziki. Warki yana faɗin cewa daga gona ko daji aka fito. Idan sarki ya ji daɗin mutum, riga yake tuɓewa ya ba shi, in kuma za a naɗa shi sarauta, da rawani ake tabbatar da ita. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan halin mutum idan an gaya masa abin da ya sa, kuma Imam ya san haka sarai.

     

Mu mutanen Gwandu bai kamata yawon littafi ya ba mu mamaki ba. A 1853, da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, a nan ya sami Tarikhus Sudan, littafin tarihin da aka rubuta a Tambutu. Ilmi da labari sun daɗe suna bin hanyar fatake, kamar yadda turkuɗi da goro suke bi. Abin tambaya kawai shi ne me mutum ya yi da abin da ya iso hannunsa.

Takwaransa a Ingila

Wani abin sha'awa shi ne, a daidai lokacin da Imam ke wannan aiki a Zariya, akwai wani malami a Ingila da ke fama da irin wannan raini. Sunansa J.R.R. Tolkien, an haife shi a 1892, ya zama farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oksfod a 1925. A 1936 ya gabatar da wata lacca a kan tsohuwar waƙar Turawa mai suna Beowulf, inda ya soki masanan da ke ganin dodannin da ke cikin waƙar a matsayin shirme, ya nuna cewa su ne ƙashin bayanta. A 1937, shekarar da Magana Jari Ce ya fara fitowa, shi ma ya fitar da The Hobbit, labarin wasu gajerun mutane da dodo mai gadin dukiya, wanda ya faro daga labaran da yake ba 'ya'yansa. A 1954 da 1955 ya fitar da The Lord of the Rings. Shi ma daga tsofaffin tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai ya ɗebo sunaye da halittu da yawa, shi ma wasu abokan aikinsa sun ga kamar ya bar aikin ilmi ya koma wasan yara.

Ta wajen tufa kuma, an san shi da son falmaran mai ado da launi, abin da shi kansa ya ambata a cikin wasiƙunsa, har ma ya sanya wa gajerun mutanen labarinsa irin wannan falmaran. Ya rasu a 1973. Tsakanin 2001 da 2003 aka yi finafinai uku daga babban littafinsa, duniya ta kalla, mutanen Ingila kuma suna alfahari da shi, ba wanda ke kiransa mai kwashe-kwashe. Na kawo shi ne don mu ga cewa abin da Imam ya yi, shi ne abin da manyan masu ƙaga labari suke yi ko'ina. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, Tolkien ya tarar da rubutun zube na Turanci ya yi ɗaruruwan shekaru da kafuwa, Imam kuwa sai da ya share fili ya kafa turaku da kansa.

Jarida da aikin hukuma

Sauran rayuwarsa sananniya ce, don haka zan bi ta a gurguje. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta, ya riƙe ta kimanin shekara 12. Hausar da ya gwada a bakin aku ita ce ya yi amfani da ita wajen bayyana wa manomi da ɗan kasuwa Yaƙin Duniya na Biyu, da haraji, da sha'anin asibiti da makaranta. A 1943 yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da sauran suka shirya, domin yana ganin ba a shawarci Arewa ba, kuma ba ta shirya ba. Amma kuma ya gana da Lugga, tsohon Gwamna, ya bayyana masa illolin da ke cikin mulkin En'e da yadda ake danne matasa masu ilmi. Labarin wannan tafiya shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC, kuma a 1951 aka zaɓe shi ɗan majalisa. Siyasa ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma aikin littattafai a hukumar NORLA, daga nan ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa har ya shugabance ta, daga baya kuma ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Duk da waɗannan ayyuka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah a kan halittu da kimiyya, ya kuma rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar. Wanda ya rubuta labarin aljannu shi ne ya rubuta sira, kuma bai ga ɗayan ya rage wa ɗayan daraja ba. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1968.

Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC na Zariya ya buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara. Gidan talabijin na NTA Kaduna kuma ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo wajen ƙarshen shekarun 1980, har waɗanda ba su yi boko ba suka san Waziri Aku.

Kammalawa

'Yan'uwa, yawancinmu yanzu mun zama iyaye, wasu ma kakanni. 'Ya'yanmu suna kallon labaran Indiya da na Koriya da na Amurka a waya, kuma ni ban ga laifin labari don ya zo daga nesa ba, tun da na Imam ma daga nesa da yawansu suka zo. Abin da ke damuna shi ne yanzu labarin yana iso wa yaro da rigar da aka ɗinka wa wani, babu wanda ya tsaya ya auna ta da jikinsa, ya rage inda ta yi yawa, ya ƙara inda ta gaza. Imam ya nuna cewa wannan aiki yana yiwuwa, kuma ya nuna cewa sai wanda ya san harshen waje da kyau, ya kuma fi sanin nasa, yake iya yin sa. A cikinmu akwai malaman Turanci da na Larabci da na Hausa, akwai 'yan jarida, akwai waɗanda suka yi ritaya suna da lokaci. Shi yana da shekara 25 ya yi nasa, cikin wata shida, ba lantarki irin na yau, ba kwamfuta.

Kafin a kai ga wannan, akwai ƙaramin abin da kowa zai iya. A nemo littattafan nan uku a ajiye a gida, a sa yaro ya karanta labari ɗaya da ƙarfi bayan sallar isha'i, a gyara masa inda ya yi tuntuɓe, kamar yadda Waziri Aku ya yi wa Fasih, kamar kuma yadda malamanmu suka yi mana. Su ma malaman namu, waɗanda suka sa muka haddace sunayen littattafan nan biyar da bulala a hannu, muna yi musu godiya, domin yau ga shi muna cin moriyar abin.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya gafarta masa, Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu, mu kuma Ya sa mu cika da kyau da imani, amin.

Daga ɗan'uwanku, tsohon ɗalibi, Cheberu.